Kuɗin Gyaran Yara Ya Bi Yaro Inda Yake

Ranar Jumma'a, 1 ga watan Nuwamba na 2024, aka gurfanar da wasu mutane gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi cikin watan Agusta na shekarar. A cikinsu akwai yara da dama waɗanda ba su kai shekara 18 ba, an kamo su daga Kano da Kaduna da wasu garuruwan Arewa, sun kuwa yi kusan wata uku a tsare. Ana cikin zaman kotu huɗu daga cikin waɗanda ake tuhuma suka yanke jiki suka faɗi. Kotu ta ba da belin kowannensu a kan Naira miliyan 10. Da hotunan abin da ya faru suka bazu, sai ƙasa ta ɗauki zafi, har Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da umurni ranar 4 ga watan a saki yaran, aka janye ƙarar, aka mayar da su jihohinsu.

Mun yi murna da sakin waɗannan yara, amma fa kada murna ta rufe mana ido. An ga halin da suke ciki ne domin an kai su babbar kotu a babban birnin ƙasa, inda manema labarai suke jibge. Yaron da aka kama a ƙarƙashin gada a Oshodi, ko a bakin kasuwar Mile 12, ko a tashar motar Ojoo a Badun, babu mai ɗaukar hotonsa. A watan Agusta na 2017 Babbar Jojin Jihar Legas ta lokacin, Mai Shari'a Olufunmilayo Atilade, ta ziyarci kurkukun Badagry, ta tarar da yara ƙanana a cikin gidan da aka gina don manyan fursunoni, ta saki 80 daga cikinsu a rana ɗaya. Akasarinsu ƙananan laifuffuka ne suka kai su, irin na talla a kan titi da gararamba. Duk wanda ya san titunan biranen Kudu ya san su wane ne ke yawon jari-bola, da ga-ruwa, da dako, da gyaran takalma, da yankan farce, ya kuma san 'ya'yanmu da ƙannenmu suna cikin waɗanda irin wannan kame yakan rutsa da su.

Abin da muke so mu faɗa a yau shi ne, dokokin da za su hana wannan abin kunya suna nan a rubuce tuni. Kuɗin aiwatar da su ne babu. Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da Majalisar Dokoki ta Ƙasa su kafa asusu na musamman wanda zai riƙa ba jihohi tallafi kowace shekara domin hana yara faɗawa cikin aikata laifi, da kuma gyara yadda ake yi wa waɗanda suka faɗa shari'a. A ɗaura wa tallafin sharuɗɗa masu ƙarfi, babba daga cikinsu kuwa ya zama cewa kuɗin zai bi yaro inda yake zaune, ba tare da an tambayi garin kakansa ba.

Bari mu soma da dokokin, domin mai karatu ya ga ba sabon abu muke nema ba. Tun 1943 Turawan mulki suka kafa dokar yara da matasa a Ikko, wadda ta ce a raba shari'ar yaro da ta babba, daga baya aka shimfiɗa ta a Yamma da Gabas, Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1958. A 1962 dokar gidajen horon matasa da ake kira Bostal ta fara aiki, domin samari 'yan shekara 16 zuwa 21. A 2003 aka kafa Dokar Haƙƙin Yara, wadda ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Sashe na 204 na dokar ya hana a bi da yaro ta hanyar shari'ar manyan masu laifi. Sashe na 209 ya ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara iko su kashe ƙaramar magana ta hanyar sulhu, da biyan diyya, da sa ido a kan yaron, ba sai an je gaban alƙali ba. Sashe na 212 ya ce tsare yaro kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe, kuma na ɗan gajeren lokaci. Sashe na 221 ya hana a yanke wa yaro hukuncin ɗauri a kurkuku. Jihar Legas ta yi tata dokar a 2007, sauran jihohi suka biyo baya sannu a hankali, har aka kai 2023 kafin Kano da Bauchi su sa hannu a kan nasu.

Bugu da ƙari, dokar 2019 wadda ta sake wa Hukumar Gidajen Yari suna zuwa Hukumar Gyaran Hali ta faɗa ƙarara cewa kada a ajiye yara a gidan manya, ta kuma wajabta a gina gidajen Bostal na maza da na mata dabam-dabam a kowace jiha. To, amma shekara da shekaru gidajen Bostal da ƙasar nan ta dogara a kansu uku ne, watau na Kaduna, da na Ilori, da na Abekuta, ga ƙasa mai jihohi 36 da mutum fiye da miliyan 200, wadda kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 18 ba. Jihar Legas tana da gidan gyaran yara maza a Oregun da na mata a Idi-Araba, amma jihohi da yawa gidan ajiye yara ɗaya tak suke da shi a babban birni, wasu ma ginin ya lalace. Majistaren da aka kawo wa yaro ɗan shekara 15 da yamma, ba gidan yara a kusa, ba ma'aikacin jin daɗin jama'a a kotu, ba uban da zai tsaya masa, ina zai kai shi? Abin da yakan faru shi ne a rubuta shekara 18 ko 19 a takardar tuhuma, a tura shi inda ake da gado, ko kuwa inda ake da daɓen kwanciya.

Dalilin wannan giɓi tsakanin doka da aiki ba ɓoyayye ba ne. An rarraba nauyin yaron da ya yi laifi tsakanin hukumomi da yawa, ba a kuwa ba kowace ɗaya daga cikinsu kuɗin ɗaukarsa ba. 'Yan sandan da ke kama shi na Tarayya ne. Kotun da ke yi masa shari'a ta jiha ce. Gidan ajiye yara da ma'aikatan jin daɗin jama'a suna ƙarƙashin ma'aikatar mata ko ta matasa ta jiha, wadda a kowane kasafin kuɗi takan zo can ƙurya. Kurkuku kuwa na Tarayya ne kaɗai, sai a watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon gina nasu. Kowa na cewa aikin ɗan'uwansa ne. Gwamna yakan ga riba a gina gadar da za a sa wa sunansa, amma ba a buɗe albashin ma'aikacin da ke bin yaro gida da kaɗe-kaɗe da yanke ƙyalle.

Wanda ya ce babu kuɗi, sai mu tuna masa cewa ana kashe kuɗin a yanzu, a wurin da ba ya haifar da kome. A 2024 gwamnati ta ƙara kuɗin abincin fursuna daga Naira 750 zuwa Naira 1,125 a rana. A wannan lissafi, ciyar da mutum ɗaya na shekara guda ya haura Naira 410,000, ban da albashin gandirobobi, da man motar kai shi kotu, da magani. Shekaru da dama ke nan kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna. Kurkukun Ikoyi da aka gina don mutum 800 yana ɗauke da fiye da 3,000 a watan Disamba na 2019, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a ciki. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Cikin Gida ya tara Naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hannu da shuni domin biyan tarar fursunoni 4,068 waɗanda rashin kuɗi ya hana su fita. Aikin alheri ne, amma ƙasa ba ta tafiyar da shari'a da sadaka. Kuma babbar asarar ba ta Naira ba ce. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da ya shiga kurkuku saboda tiren gyaɗa, ya kwana wata shida tare da 'yan fashi, zai fito da sana'ar da bai shiga da ita ba, da abokan da za su neme shi a waje.

Akwai kuma wata asarar da iyaye suka fi kowa sani. Inda hukuma ta kasa tanadar wurin gyaran yaro mai ƙiriniya ko mai shaye-shaye, iyaye sukan nemi wanda zai karɓe shi ko ta halin ƙaƙa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, da tabon duka a baya. Cikin makonnin da suka biyo baya aka fasa irinsa a Daura da Katsina da Ilori, a watan Nuwamba kuma aka fito da fiye da mutum 200 daga wani a Ojoo ta Badun. An rufe gidajen, an yi daidai. Amma uwar da ɗanta ya fi ƙarfinta tana nan da damuwarta, ba a nuna mata wata ƙofa ba.

Irin asusun da muke nema ba baƙo ba ne a Nijeriya. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi a kan makarantun firamare da ƙananan sakandare, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason daidai da abin da za ta karɓa. Dokar lafiya ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 domin ƙananan asibitoci. Waɗannan asusai sun nuna cewa idan doka ta keɓe kuɗi, aiki yakan samu gindin zama. Sun kuma nuna inda ake tuntuɓe, domin biliyoyin Naira na asusun ilmi sun sha kwana shekaru a banki saboda wasu gwamnoni sun ƙi ajiye nasu kason, yara kuwa na zaune a ƙasa. Tilas ne wanda zai tsara sabon asusu ya toshe wannan kafa tun daga farko.

A nan akwai darasi daga Amurka, ƙasa mai tsarin tarayya kamar tamu, inda shari'ar yara take hannun jihohi. A 1974 majalisarsu ta yi dokar da ta kafa tallafin shekara-shekara ga jihohi, Shugaba Gerald Ford ya sa mata hannu. Gwamnatin tsakiya ba ta ƙwace ikon kowace jiha ba, ta dai ce wanda ke son kuɗi ya cika sharaɗi. Kada a kulle yaro saboda abin da ba laifi ba ne in babba ya yi shi, kamar gudun makaranta ko gudu daga gida. Kada yaro ya ga babban fursuna ko ya ji muryarsa. A 1980 aka ƙara cewa a fitar da yara daga kurkukun manya ɗungum, daga baya kuma aka wajabta wa jihohi su binciki dalilin da ya sa 'ya'yan baƙaƙen fata da na tsiraru suka fi yawa a tsare, su kuma rage shi. Jihar da ta saɓa sharaɗi ɗaya akan yanke mata kashi 20 cikin 100 na rabonta. Kashi biyu cikin uku na kuɗin dole ya sauka zuwa ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin unguwanni, jihar da ta ƙi shiga tsarin kuwa akan ba ƙungiyoyin cikinta kuɗin kai tsaye. Yawan yaran da ke tsare a can ya sauko daga fiye da 100,000 a shekarar 2000 zuwa ƙasa da 30,000 a 2022. Tallafin ba shi kaɗai ya jawo haka ba, amma shi ya kafa ma'aunin da kowace jiha ke auna kanta da shi. Akwai kuma gargaɗi a labarinsu, domin a watan Afrilu na 2025 Ma'aikatar Shari'arsu ta soke ɗaruruwan tallafin da ta riga ta ba ƙungiyoyi, har da na masu aikin hana matasa faɗawa cikin laifi. Abin da aka bar wa son ran minista, minista na iya ɗauke shi dare ɗaya. Shi ya sa muke cewa namu a rubuta shi cikin doka, da adadinsa da ƙa'idar rabonsa.

Ga sharuɗɗan da muke ganin ya kamata a ɗaura. Na farko, jihar da za ta karɓi ko sisin kwabo ta tabbatar babu yaro ko ɗaya a kurkukun manya ko a ɗakin tsare manya na caji ofis. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta riga ta wajabta wa majistarori su riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata, sai a sa rahoton wannan ziyara ya zama shaidar da za a duba kafin a saki kuɗi. Na biyu, inda aka yi shakkar shekarun wanda aka kama, a ɗauke shi yaro har sai likita ko takarda ta nuna akasin haka. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin binciken 2021 ya nuna fiye da yara 4 cikin kowane 10 'yan ƙasa da shekara biyar ba a yi rajistar haihuwarsu ba, matsalar kuwa ta fi tsanani a ƙauyukan Arewa. Na uku, kowace jiha ta buga lissafi sau ɗaya a shekara, yara nawa aka kama, a kan wane laifi, kwana nawa suka yi a tsare, wane harshe suke ji, nawa aka sasanta maganarsu ba tare da kotu ba. Na huɗu, mafi yawan kuɗin ya tafi ga aiki da mutane, a taƙaita abin da za a kashe a gini da sayen motoci, domin mun ga yadda makarantun tsangaya na zamani fiye da 150 da Gwamnatin Tarayya ta gina daga 2012 suka koma kufai a wurare da yawa saboda ba a tanadi kuɗin malamai da abinci ba. Na biyar, jihar da ta ƙi ajiye nata kason ko ta saɓa sharaɗi, a ba ƙananan hukumominta da ƙungiyoyi masu rajista rabonta kai tsaye, kada yaro ya biya bashin taurin kan gwamna. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Me kuɗin zai saya? Albashin ma'aikacin jin daɗin jama'a a kowane babban caji ofis da kowace kotun iyali, wanda zai nemo iyayen yaro ko maigidansa cikin kwana ɗaya. Lauya daga Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda take nan tun 1976 amma ma'aikatanta ba su kai ko'ina ba. Tafinta, domin sashe na 36 na tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a gaya masa laifinsa cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi mai fassara kyauta, alhali kuwa sau da yawa yaron da bai jin Turanci ko Yarabanci ko Inyamuranci yakan gyaɗa kai kawai a rubuta ya amsa laifi. Wurin kwana mai tsabta ga yaran da ke kwana a tasha. Ajin yamma ga masu yawon sana'a da rana. Wurin jinyar masu shan ƙwaya. Sama da duka, kuɗin koyon sana'a, a biya makaniki ko tela ko mai walda ya riƙe yaro shekara biyu ko uku, a sallame shi da kayan aiki. Masu karatunmu suna ganin yadda 'yan kasuwar Anacha da Aba da Alaba suke ɗaukar yaro ya yi musu hidima shekaru, sa'an nan su ba shi jari. Mu ma muna da namu, domin a haka fataucin goro da na shanu ya rayu a Sabon Badun da Shagamu da Agege, yaro ya tashi a hannun maigida har ya zama dillali, ya kafa nasa gidan. Tsada da cunkoso sun raunana wannan al'ada, tallafi kaɗan zai iya tayar da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu sai babban sharaɗin, wanda saboda shi muka ɗauki alƙalami. A ƙasar nan kusan duk wani alheri na gwamnatin jiha, daga guraben karatu zuwa tallafin sana'a, akan nemi takardar shaidar zama ɗan asalin jiha kafin a ba da shi. Yaron da aka haifa a Idi-Araba, ubansa ma a nan aka haife shi, idan ya je neman gurbi sai a ce ya tafi Kano ko Sakkwato. In ya je can kuma a ce ba a san shi ba. Amma ranar kame ba mai tambayarsa takarda. Idan aka raba sabon asusu bisa wannan tsohuwar hanya, to, yaran da suka fi kowa shiga hannu su ne za su fi kowa rasa rabo. Tsarin mulki kuwa a fili yake. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda asali, sashe na 15 ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin mazauni a ko'ina cikin Tarayya. Kuɗin Tarayya na kowa ne, bai kamata a tsayar da shi a ƙofar ɗan asali ba. Jihar Legas tana da hukumar rajistar mazauna tun 2011, wadda ke ba da kati ga duk mai zaune a jihar ko daga ina ya fito. Irin wannan rajista, ko shaidar mai unguwa, ta isa. Haka kuma wannan ƙa'ida za ta amfani ɗan Bayarabe a Sabon Garin Kano da ɗan Inyamuri a Kaduna, kuma adalci ne a ƙara wa jihar da ta fi karɓar baƙi rabo gwargwadon yaran da take ɗauke da su.

Mun san akwai masu cewa a kwashe yaran a mayar da su jihohinsu a huta. An gwada. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa da kansu suka yi ta jigilar almajirai daga jiha zuwa jiha, ba a daɗe ba tituna suka sake cika. Yunwa da rashin tsaro da suka koro yaro daga ƙauyen Zamfara ko Katsina ko Barno ba su gushe don an sa shi a mota ba. Gwamnonin Arewa suna da babban alhaki a kan wannan, ba mu yafe musu ba, hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa makaranta da aka kafa a 2023 ita ma a ba ta abin aiki. Amma yaron da ke Ikko yau, a Ikko zai gyaru ko ya lalace.

Akwai kuma masu cewa wannan lallaɓa masu laifi ne, alhali matasa na ƙwacen waya da sara-suka suna kashe mutane. Kukansu gaskiya ne, mu ma ana yi mana, 'yan kasuwarmu na asuba sun fi kowa sanin haka. Dokar ba ta ce a saki wanda ya yi kisa ko fashi ba, kotun iyali za ta yi masa shari'a, a tsare shi a gidan da ya dace da shekarunsa. Abin da muke cewa shi ne, a daina cika ɗakunan tsaro da masu tallan ruwan leda har a rasa lokacin bin manyan masu laifi. Masu tsoron za a sace kuɗin kuwa, tsoronsu na kan hanya, maganinsa shi ne a riƙa biya kashi-kashi bayan an ga aiki, a buga sunan duk ƙungiyar da ta karɓa da adadin da ta karɓa, Babban Mai Binciken Kuɗi ya bi sawu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 rabon da gwamnatoci ke samu daga asusun Tarayya ya ƙaru sosai, saboda haka uzurin babu ya ragu.

A ƙarshe muna juyowa gare ku, Sarakunan Hausawa, da masu unguwanni, da limamai, da shugabannin 'yan kasuwa daga Agege zuwa Sasa, daga Ama Hausa ta Owerri zuwa Lokpanta da Fatakwal. Tallafin gwamnati ba ya zuwa wurin wanda ba shi da rajista, da asusun banki, da littafin lissafi. Ku yi wa ƙungiyoyinku rajista tun yanzu. Kowace unguwa ta buɗe littafin sunayen yaran da ke sauka cikinta, da garinsu, da wanda ke riƙe da su. A karɓar wa kowane jariri takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya. A kafa kwamitin dattawa uku ko huɗu waɗanda 'yan sanda suka san fuskarsu, su riƙa zuwa caji ofis a ranar da aka kama yaro, kafin a rubuta masa shekarun da ba nasa ba. Wanda ya ɗauko ɗan wani daga gida ya sake shi a tasha ba ci ba sha, a kira shi a ja masa kunne a gaban jama'a. Ku kuma tuna kuna da ƙuri'a a inda kuke zaune. Duk ɗan takarar majalisa da ya zo neman goyon bayanku, ku tambaye shi matsayinsa a kan wannan asusu kafin ku tambaye shi buhun shinkafa.

Ɗa na kowa ne, in ji magabata. Muna fata Majalisar Dokoki ta Ƙasa za ta ɗauki wannan magana a zamanta na kasafin kuɗi mai zuwa, gwamnonin Kudu da na Arewa kuma su mara mata baya. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.